Filin Gwarzon Mako Ya Gaji da Jerin Muƙamai



Duk wanda ya saba tsayawa gaban wannan allo idan an tashi tara ya san filin da ke kusurwar dama, wanda muke kira Gwarzon Mako. A nan muke manna hoton wani babban mutum da taƙaitaccen tarihinsa. Mu 'yan kulob ɗin 'yan jarida mu ne muke rubuta shi, don haka kada wani ya ɗauka aikin wasu muke kushewa. Kanmu muke tuhuma.

A ƙarshen zangon da ya wuce mun kwaso tsofaffin kwalayen da aka ciro daga bango, muka baje su a ƙasa, muka karanta ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka gani bai yi mana daɗi ba. Kusan duk kansu ɗaya ne. An haife shi a shekara kaza, ya yi firamare a wuri kaza, ya zarce makaranta kaza, ya riƙe kwamishina, ya riƙe minista, yana da mata da 'ya'ya, Allah ya ƙara girma. Idan ka rufe hoton da tafin hannu, ka kuma rufe sunan, ba za ka bambanta gwamna da sanata ba. Kuma mun san yadda ake yi, tunda mu ne masu yin. Daren Lahadi wanda aka ba aikin zai ari wayar yayansa, ya kwafo abin da ya fara gani a intanet, ya juya shi Hausa, da safe a shafa gam a manna.

Abu na biyu da muka lura shi ne su wa muke mannawa. 'Yan siyasa ne, sai masu kaki, sai sarakuna. Mace ɗaya muka gani, ita ma Daurama ce. Ba maƙeri, ba magini, ba mawaƙi, ba malamin allo, ba ungozoma. Baƙon da ya shigo makarantar nan ya karanta bangonmu zai fita da tunanin cewa masu muƙami kaɗai ne suka taɓa zama a Daura.

Ra'ayinmu shi ne daga wannan zango filin ya canza ta fuska biyu: su wa za su shiga, da kuma me za a rubuta a kansu. Mun san ba kowa zai yarda ba, don ko a cikin kulob sai da aka ɗaga murya. Ga dalilanmu, ku auna.

Bari mu fara da inda gardamar ta fi zafi, wato tarihin marigayi Muhammadu Buhari. Babu ɗalibin Daura da bai haddace shi ba. An haife shi a nan ranar 17 ga Disamba 1942. Ya mulki Nijeriya da kaki daga 31 ga Disamba 1983 zuwa 27 ga Agusta 1985, ya dawo da ƙuri'a daga 2015 zuwa 2023. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a gidansa na Daura bayan kwana biyu, a gaban jama'ar da wasunmu ba su taɓa ganin irinta ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da amfani ranar jarrabawa. Amma me ɗan aji ɗaya zai ɗauka ya tafi da shi gida?

Da mun rubuta masa cewa mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa Zulaihatu ce ta rene shi, da maraya a cikinmu ya tsaya ya sake karantawa. Da mun rubuta cewa ya yi firamare a Daura da Mai'adua kafin ya tafi Katsina, da 'yan Mai'adua sun ji nasu ne. Da mun rubuta cewa bayan an hamɓarar da shi an tsare shi fiye da shekara uku, sannan ya tsaya takara a 2003 ya faɗi, a 2007 ya faɗi, a 2011 ya sake faɗuwa, sai a karo na huɗu ya yi nasara, da wanda ya faɗi lissafi sau biyu ya samu abin riƙewa. Waɗannan abubuwa ne suke mai da suna ya zama mutum, kuma su ne muka riƙa tsallakewa.

Har nan kowa ya yarda. Inda aka rabu shi ne da wata 'yar kulob ta ce lallai a sa maganar Doka ta 4 ta 1984. Ga waɗanda ba su sani ba, doka ce da gwamnatin soja ta Buhari ta kafa kan abin da jaridu za su buga game da jami'an gwamnati, kuma a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda-guda. Wasu suka ce a'a, mutum ya riga mu gidan gaskiya, ɗan garinmu ne, uba ne, kuma an koya mana mu ambaci alherin mamatanmu. Magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amma mu tuna sunan ƙungiyarmu. Idan kulob ɗin 'yan jarida ya rubuta tarihin shugaban ƙasa ya ɓoye dokar da ta ɗaure 'yan jarida, to me muke koya a nan? Abin da aka hana mu shi ne zagi da tonon asirin da ba ruwan kowa. Dokar da gwamnati ta sa hannu ta buga wa duniya ba asirin kowa ba ce. Haka ma rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun fi mutanen Abuja sanin yadda ta kaya. Akwai manomin shinkafa da ya yi murna, akwai ɗan kasuwa a Mai'adua da Kongolam da jarinsa ya karye, kuma wani lokaci a gida ɗaya suke kwana. Layi biyu sun isa a faɗi wannan cikin ladabi, a bar mai karatu ya yi hukunci. Kirari yana da wurinsa, a fada da ranar hawa, kuma akwai masu sana'arsa da suka fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Mu ba shi aka ɗauke mu yi ba.

Yanzu ga waɗanda ba mu taɓa mannawa ba sam.

Mu nawa ne muka san cewa kabarin Alhaji Mamman Shata a Daura yake? Mutumin Musawa ne, an haife shi a 1923, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, ya zaga ƙasashe da kalangu. Da ya rasu a watan Yuni 1999, nan aka kawo shi, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi wa waƙoƙi da dama. Yaro ne da ya fara da tallan goro da alewa, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Har littafi guda aka rubuta a kan rayuwarsa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar. Mutumin da jami'a ta karrama, manazarta suka cika littafi da labarinsa, yana kwance a garinmu, amma bangonmu bai taɓa samar masa rabin kwali ba. Kuma labarin bai cika ba sai an haɗa da na Sarki Bashar kansa, wanda ya riƙe minista a gwamnatin Sardauna yana Wamban Daura, ya hau gado a 1966, ya yi shekara 41 a kai har 2007. Mun taɓa rubuta tarihinsa, amma ba mu ce komai ba kan yadda ya riƙe mawaƙi har aka kawo gawarsa garinsa. Ashe ko a tarihin sarki ma muna barin nama muna tauna ƙashi.

Haka Sheikh Ja'afar Mahmud Adam. Da yawa daga iyayenmu suna da karatunsa a waya, amma ba kowa ya san a Daura aka haife shi ba, kafin ya tashi a Kano, ya yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, aka harbe shi yana jan sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu 2007. Ya fara ne daga makarantar allo, kamar yawancinmu.

Idan aka zo batun masu ƙirƙira, nan ne muka fi jin kunya. Duk lokacin da malamin kimiyya ya ce a kawo sunan wanda ya ƙirƙiro wani abu, sai ka ji Edison, sai ka ji Graham Bell, kamar basira ta tsaya a Amurka. Alhali a maƙwabciyarmu Jigawa aka yi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ke Dutse, ɗan gidan masu ginin tukwane. Ya ɗauki tukunyar ƙasa ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke cikin yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya ja zafi ya tafi da shi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi. Dabarar da ke sa ruwan randar kakarmu ya yi sanyi ce, shi kuma ya juya ta ta zama firji marar lantarki. Tumatir da tattasai da ke lalacewa cikin 'yan kwanaki suka koma kaiwa makonni. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: idan kayan gwari ba sa ruɓewa yau-yau, ba dole a cire yarinya daga aji a ɗora mata tire ta kai kasuwa kafin rana ta faɗi ba. A garin da wutar lantarki take zuwa kamar baƙuwa, wane labari ne ya fi wannan dacewa da bangonmu? Akwai kuma Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Ɗalibin da ake yi wa faɗa don ya cika bayan littafinsa da zanen motoci ya cancanci ya san da shi, ko da yake ba mu ce a daina yi masa faɗan ba.

Amma mu ba shahararru kaɗai muke nufi ba. A unguwanninmu akwai mai walda da ya haɗa injin sussukar gero da hannunsa, akwai mai gyaran waya da bai gama sakandare ba, akwai maƙera da dukawa da marina da suka gaji sana'a kaka da kakanni. Zaurukan fada masu baka da muke kai baƙi su gani, mutane ne suka ɗora su, kuma jikokinsu suna nan. A je a tambaye su.

Sai magana mafi tsauri, ta iyalan da suka zo daga wani wuri suka zauna. Mun ji wani yana cewa wannan fili na 'yan asalin Daura ne kawai. To mu tambaye shi, labarin da garin nan ya fi alfahari da shi na wane ne? Na baƙo ne da ya iso da dare, ya nemi ruwa aka ce babu sai Juma'a, ya je Kusugu ya kashe macijiya. Ko mutum ya ɗauki labarin Bayajidda a matsayin abin da ya faru daki-daki, ko ya bi masana tarihi irin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda kwalejin da ke garin nan take ɗauke da sunansa, da suka koyar da a riƙa tantance irin waɗannan labarai kafin a dogara da su, abu ɗaya ya tabbata: mutanen Daura sun zaɓi su riƙa ba 'ya'yansu labarin baƙon da aka buɗe wa ƙofa. Gidan sarautar ma ya ɗanɗani baƙunci. Bayan jihadin da ya fara a 1804, Sarkin Gwari Abdu ya fita daga birnin, zuriyarsa suka zauna a wurare irin su Zango da Baure, sai a farkon ƙarni na 20 aka maido da Malam Musa kan gadon Daura. Kusan shekara ɗari ke nan a waje. Shi kansa Buhari, mahaifinsa Hardo Adamu Bafulatani ne daga Dumurkul.

Ku duba ajinku. Akwai wanda kakansa Babarbare ne, akwai wanda danginsa rabi suna Magarya ko Damagaram, iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata ce ta raba su. Akwai jikan Buzaye, akwai ɗan Fulanin da suka ajiye sanda suka kama noma. Akwai Yarbawa da Ibo a Sabon Gari da aka haifi 'ya'yansu a nan, waɗanda Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi. Kowane gida cikin waɗannan yana da labarin ranar da aka sauke kaya: fari ne ya koro su, ko fatauci, ko neman ilimi, ko aikin gwamnati, wa ya ba su masauki, wa ya ba su gona, wa ya fara ba su aure. Kada kuma a raina irin wannan labari. A Kano, gidan Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, Agalawa ne, fatake masu asali daga arewa da suka zauna a ƙasar Hausa suka riƙe cinikin goro har Gwanja. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Wa ya san gidan da ke bayan katangar makarantarmu me zai haifa?

Sai dai a nan dole a taka a hankali, kuma muna so malamai su riƙe mu da wannan alkawari. Maganar asali a ƙasar Hausa wuta ce. Ta sha raba aure, ta sha haddasa gori a filin ƙwallo. Akwai gidajen da tarihinsu ya ratsa ta zamanin bauta, akwai waɗanda ba sa son a tono dalilin barin garinsu na farko. Saboda haka ƙa'idarmu ita ce: duk tarihin iyali ko na mutumin da ba ya riƙe da muƙamin jama'a, ba za a manna shi ba sai an kai wa masu shi sun ji da kunnensu sun ce sun yarda, abin da suka ce a cire kuma a cire. Wanda ya riƙe amanar jama'a kuwa, aikinsa na ofis na jama'a ne, ba sai mun nemi izinin kowa ba, illa dai mu tabbatar da abin da muka rubuta. Kuma duk ɗalibin da ya ɗauki abin da ya karanta a bangon nan ya yi wa wani gori da shi, mu da kanmu za mu kai sunansa ofis.

Ɗaya daga cikin malamanmu ya yi mana tambaya mai kyau. Ya ce, ku da ba ku gama sakandare ba, ina za ku samu tarihin mutumin da ba a rubuta shi a littafi ba? Amsarmu tana cikin labarin wasu Turawa biyu, mata da miji. Mijin, M. G. Smith, shi ya rubuta babban littafi kan sarautar garin nan mai suna The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978. Matar, Mary Smith, ba ta je fada ba. A 1949 da 1950 ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ana ce mata Baba, tana tambaya tana rubutawa: aurenta, kishiyoyinta, yunwa, harin masu kama bayi, zuwan Turawa. Baba ba ta riƙe muƙamin komai ba, ba ta yi boko ba. Ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da Mary Smith ta yi jinkirin shekara biyu, da shi ke nan. Ita sai da ta koyi Hausa tukun. Mu kuwa da ita aka yaye mu, kuma tsohuwar tana ɗakin da ke kusa da namu, kullum muna wuce ta da waya a hannu.

Wannan shi ne abin da ya fi damun mu. Tarihin ministoci ba zai ɓace ba, yana intanet, yana jaridu. Na kakarka yana kanta ne kawai. Wanda ya ga zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya mulki Daura daga 1911 zuwa 1966, da wayonsa, yau ya doshi saba'in ko ya haura. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984, suka ga mutanen arewa suna gangarowa da raƙuma da 'ya'ya, kowace damina raguwa suke yi. Wani ɗan kulob ɗinmu ya yi niyyar zama da kakansa, tsohon maɗinki, ya ce sai an gama jarrabawa. Kafin a gama aka yi masa rasuwa. Yanzu keken ɗinkin kawai ya rage, ba mai iya faɗin inda aka sayo shi.

Ba mu ce a daina manna manya ba. Malamin da ya ce tarihinsu yana zaburar da yara yana kuma taimakawa a jarrabawa ya yi gaskiya. Abin da muka tsayar shi ne a riƙa karɓa-karɓa: mako guda sananne, mako guda na gida. Kuma a cikin na gida lallai a riƙa samun mata, don kunyar Daurama ita kaɗai a bango ta ishe mu haka.

Ga yadda za a yi. Rubutu kada ya wuce shafi ɗaya na littafin rubutu, gaba da baya. A faɗi inda mutumin ya fito, abu ɗaya da ya yi da hannunsa ko da kansa, wahala ɗaya da ya sha, da abin da ya bari. Duk shekarar da aka rubuta a faɗi wanda ya ba da ita. Idan tsoho ya ce shekarar da aka yi kaza, a rubuta haka yadda ya faɗa, malamin tarihi ya yi alkawarin taya mu lissafi. Idan mutum biyu suka saɓa, a kawo duka biyun. A tafi da littafi da biro, a gaida mutane yadda ya kamata, 'yan mata su tafi bibbiyu da sanin iyaye. Wanda ya kwafo daga waya za mu gane, don mun daɗe muna yi.

'Yan Kusugu da Sarkin Yara da Mazoji da Madobi da Tudun Wada da Ubandawaki da Sabon Gari, kowace unguwa muna jiran aƙalla rubutu ɗaya. 'Yan kwana da suka fito daga Zango, Baure, Sandamu da Mai'adua, ku yi naku idan kun je gida hutun tsakiyar zango. Akwatin kulob yana nan ƙofar ɗakin karatu, za a buɗe shi kowace Alhamis bayan an tashi. A rubuta suna da aji a bayan takarda. Wanda bai yarda da mu ba kan maganar Doka ta 4 shi ma ya rubuto, mun ware masa rabin kwali a fitowa ta gaba.

Kwamitin editoci, Kulob ɗin 'Yan Jarida